Daga Rami zuwa Kundin Rajista: Tarihin Karen Dandie Dinmont da Asalin Sunansa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin wani ɗan ƙaramin kare mai farauta cikin rami, ɗan asalin kan iyakar Ingila da Sikotilan, wanda ake kira Dandie Dinmont. Za mu duba aikin da aka yi kiwonsa dominsa, da hanyar da sunansa ya biyo, da siffarsa, da halin da ya shiga bayan aikin ya ƙare. Abin da muke so mu nuna shi ne, suna da rubutacciyar ƙa'ida sun tsare siffar karen daga ɓacewa, amma sun kasa riƙe aikin da ya haifar da siffar.

0. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya jera sunayen ire-iren dabbobin gida zai tarar ba da ka aka raɗa su ba. Wasu sunan ƙasa suka ɗauka, kamar jar akuyar Maraɗi da shanun Azawak. Wasu sunan masu kiwonsu, kamar tumakin Uda da shanun Bororo. Wasu kuma aikinsu ne ya zama sunansu: guntun karen nan na Jamus da Faransawa ke ce wa teckel, sunansa na asali Dachshund, wato karen farautar dabbar da Jamusawa ke kira Dachs. Akwai kuma ƴan kaɗan da suka gaji sunan mutum guda wanda ya rayu aka san shi, irin su Dobermann, mai karɓar haraji a garin Apolda na Jamus a ƙarni na 19, da Jack Russell, wato John Russell (1795-1883), wani limamin coci na Ingila mai son farauta.

Karen da muke magana a kansa bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunai huɗu ba. Mutumin da ya gaji sunansa ba a taɓa haihuwarsa ba, marubuci ne ya ƙago shi a cikin littafi, kuma a cikin karnukan da manyan ƙungiyoyin duniya suka yi wa rajista, shi kaɗai aka sani da wannan hali. Hausawa na cewa suna linzami ne. Tarihin wannan kare yana ba mu damar ganin linzamin yana aiki, shekara bayan shekara, tare da takardun da ke shaida.

1. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita wasu kalmomi, tun da dabbobin da za a ambata ba duka ake samunsu a ƙasarmu ba.

Kalmar terrier ta Faransanci ce. Asalinta chien terrier, wato karen ƙasa, daga terre, wadda ita kuma ta fito daga terra ta Latin. Har yanzu a Faransanci terrier tana nufin ramin dabba, tana kuma nufin karen da ke shiga ramin. Ingilishi ya ari kalmar ya yar da chien, ya riƙe sifar kaɗai ta zama suna. A nan za mu ce karen rami. Aikin kansa tsoho ne: Jacques du Fouilloux ya bayyana farautar cikin rami da gajerun karnuka a littafinsa La Vénerie na 1561, haka ma likita John Caius ya sa karen rami cikin jerin karnukan Birtaniya da ya wallafa da Latin a 1570.

Dabbar da Faransawa ke kira loutre ita ce karen ruwa. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, karen ruwa dabbar daji ce mai cin kifi, ba ta da dangantaka da kare na gida. Blaireau ɗan uwan dage ne, mai gina ramu masu zurfi da rassa da yawa. Za mu kira shi dagen Turai. Renard kuwa yanyawa ce, sai dai ta Turai ja ce kuma ta fi tamu girma sosai. Inda Faransanci ke cewa race, mu za mu ce iri.

2. Ƙasar da aikin kafin 1815

Tsakanin Ingila da Sikotilan, wadda Faransawa ke kira Ecosse, akwai jerin tuddai da ake kira Cheviot, mafi tsawonsu mita 815. Ta arewa kogunan Tweed da Teviot da Liddel ke ratsa kwaruruka, ta kudu kuma kogin Coquet. Ƙasa ce ta ruwan sama da sanyi da ciyawa, noma kaɗan, kiwon tumaki da yawa. Shekaru aru-aru mutanen ɓangarorin biyu suna kai wa juna harin dabbobi, sai bayan 1603, da sarki ɗaya ya haɗa sarautun biyu, aka murƙushe maharan, ƙasar ta zauna ta zama ta makiyaya.

Makiyayi a irin wannan wuri yana da abokan gaba sanannu. Yanyawa na ɗaukar ƴan tumaki lokacin haihuwa. Karen ruwa na cinye kifin kogi da na tafkunan masu ƙasa. Kusu da ɓera na ɓarna a rumbu. Manyan karnukan farauta na iya korar yanyawa, amma da zarar ta faɗa rami ko kogon dutse, aikinsu ya ƙare. Daga nan sai ƙaramin kare wanda zai bi ta cikin duhu, ko dai ya fito da ita, ko ya tsare ta yana haushi har mutane su haƙo ramin. Dagen Turai yakan kai kilo 10 zuwa 12, wato nauyinsa ɗaya da na karen ko ya fi, ga farce ga haƙori. Karen da ke da tsoro ba ya wannan aiki sau biyu.

Masu riƙe waɗannan karnuka talakawa ne: makiyaya, ƙananan manoma, da ƴan yawo masu gyaran tukwane da kwanoni. Wanda aka fi ambata cikinsu shi ne William Allan, mutumin kwarin Coquet, wanda ya rasu a 1779. Sana'arsa gyaran kwanoni da busa wani abin kiɗa mai jakar fata, dangin algaita, ya kuma shahara wajen farautar karen ruwa, har masu ƙasa na ɗaukarsa ya share masu tafkuna. Labaran baka sun yi yawa a kansa, cikinsu har da wanda ke cewa an yi masa tayin gona kan kare ɗaya ya ƙi.

Abin lura a wannan zamani shi ne, karnukan ba su da sunan iri. Kowane ana kiransa da sunan ubangidansa ko na kwarin da yake. Babu kundi, babu ma'auni. Karyar da ta iya aiki ita ake haɗawa da karen da ya iya aiki, wanda ya kasa kuwa ba a neman ƴaƴansa. Ramin shi ne alƙali.

3. Littafin 1815

3.1. Marubucin da labarin

Walter Scott (1771-1832) ɗan Edinbara ne, amma kakanninsa mutanen kan iyakar ne. A shekarun 1790 ya yi ta zagaya kwarin Liddel yana tattara tsofaffin waƙoƙin baka daga bakin makiyaya, kuma daga 1799 ya riƙe muƙamin alƙalin gundumar Selkirk. Ya san mutanen, ya san harshensu, ya kwana a gidajensu. A watan Fabrairu na 1815 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na biyu, Guy Mannering, ba tare da ya sa sunansa ba.

Dandie Dinmont ba shi ne tauraron littafin ba. Manomi ne mai kiwon tumaki a kwarin Liddel, ƙato mai faɗin gaskiya da son baƙo, wanda tauraron ya cece shi daga ƴan fashi a hanya, shi kuma ya kai shi gidansa ya nuna masa farautar yanyawa da ta dage da sukar kifi. Manomin yana da karnukan rami guda 6, amma sunaye biyu kacal yake ba su, Pepper da Mustard, yana bambanta su da tsoho da saurayi da ƙarami. Wannan ɗan abin dariya shi ya maƙale a zukatan masu karatu.

Littafin ya samu kasuwa nan da nan, aka juya shi zuwa Faransanci da wasu harsuna. Mutanen kan iyakar suka shiga neman wanda marubucin yake nufi, suka tsaya kan wani manomi, James Davidson na Hindlee, domin shi ma Pepper da Mustard yake kiran karnukansa. Scott ya bayyana daga baya cewa ba mutum ɗaya ya kwaikwaya ba, kuma bai sadu da Davidson ba sai bayan littafin ya fito. Duk da haka laƙabin ya bi Davidson har rasuwarsa a 1820. Ke nan sunan ƙage ya fara sauka kan mutum mai rai, kafin ya sauka kan kare.

3.2. Ƙirar sunan

Kalmomin biyu na harshen Scots ne, wato harshen kudancin Sikotilan, ɗan uwan Ingilishi, wanda ya sha bamban da Gaelic na arewa. Dandie taƙaitaccen suna ne na Andrew, André a Faransanci, kamar yadda muke mai da Ibrahim Iro, ko Muhammadu Mamman. Dinmont kuwa kalmar makiyaya ce, tana nufin dandaƙaƙƙen rago tsakanin askin ulunsa na farko da na biyu. Scott ya zaɓi sunan ne don ya ji warin garke. Sakamakon shi ne, kare mai farautar dage yana yawo da sunan rago, kuma mafi yawan masu kiransa ba su sani ba.

Sunan ya bi matakai uku. Da farko ana cewa karnukan Dandie Dinmont, da harafin mallaka na Ingilishi, wato karnuka irin na mutumin nan na littafi. Daga baya harafin mallakar ya faɗi, sunan mutum ya koma sifa mai bayyana iri. A ƙarshe aka taƙaita shi zuwa Dandie, yana ɗaukar jam'i kamar kowane suna gama-gari. Wannan hanya sananniya ce ga masu nazarin harshe. Ita ce ta mai da sunan Eugène Poubelle, wanda ya tilasta ajiye kwandon shara a Paris a 1884, ya zama sunan kwandon kansa. Abin da ya bambanta misalinmu shi ne tushen sunan bai taɓa rayuwa ba.

3.3. Sunayen launi

Tafiyar Pepper da Mustard ta fi wannan ban sha'awa. Asalinsu kayan yaji ne: na farko masoron Turawa, wanda in an niƙa shi yake zama toka-toka, na biyu kuwa rawayan yajin nan da muka sani da sunan moutarde, wanda ake shafa wa nama. Manoma sun ba karnuka waɗannan sunaye saboda launin gashinsu, kamar yadda mai doki a ƙasar Hausa ke kiran dokinsa Akawal ko Kili ko Bikili. Littafi ya yaɗa su a matsayin sunayen yanka. Da aka zo rubuta ƙa'idar irin, sai aka mai da su kalmomin fannu: su ne launuka biyu kaɗai da aka yarda da su, kuma haka abin yake har yau. Kalmar ta tashi daga gama-gari zuwa sunan yanka, ta komo gama-gari da sabuwar ma'ana. Shi kansa Scott ya ajiye irin karnukan a gidansa na Abbotsford, ya ci gaba da wasan, yana ba su sunayen kayan miya irin su Spice da Ginger, wato yaji da citta.

4. Daga suna zuwa iri: 1815-1885

Suna ya jawo kasuwa. Masu kuɗi da masu sarauta, waɗanda ba su taɓa haƙar rami ba, suka fara aikowa kan iyaka a nemo masu karen littafi. Daga baya har Sarauniya Biktoriya ta ajiye shi a fadarta. Inda kasuwa ta buɗe kuwa dole tambaya ta taso: wane ne na gaskiya? Kowane mai guntun kare mai gashi yana iya cewa nasa daga gidan Davidson ya fito. Tun da masu sayen ba rami za su kai shi ba, ba su da hanyar gwada shi ta aiki. Sai aka koma ga asali, wato wa ya haife shi, da siffa, wato yaya yake a ido.

A nan tarihi ya yi wani abin mamaki. A 1839 wani kare ya faɗa tarko a gandun Duke na Buccleuch, babban mai ƙasa na yankin Selkirk. Ana ɗaukar na wani mai farauta a ɓoye ne, don haka ubangidansa bai zo nemansa ba. Aka riƙe shi, aka sa masa suna Old Pepper. Shi ya haifi Old Ginger, wanda aka haifa ran 4 ga Yuni 1842 a gidan The Haining da ke Selkirk. Masu bin salsalar irin sun tarar cewa duk Dandie da ke raye a yau, in aka bi ta wajen uba, kan Old Ginger ake tsayawa. Wato doguwar salsalar da ake alfahari da ita ta faro ne daga karen da ba a san ubansa ba, ba a kuma san ubangidansa ba.

Sauran aikin hukumomi ne suka yi shi. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a Newcastle. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan, wadda ta buɗe kundin rajistar asali. Ran 17 ga Nuwamba 1875, a wani masauki mai suna Fleece a Selkirk, masu kiwo suka kafa ƙungiya ta Dandie Dinmont kaɗai, wadda tana cikin mafi daɗewar irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya, kuma ba da jimawa ba suka rubuta ƙa'idar siffarsa. A 1885 Charles Cook ya wallafa littafi guda a Edinbara kan tarihin irin da siffofinsa, inda ya tattara wasiƙu da shaidun tsofaffin masu kiwo. Shekara 70 ke nan cif tsakanin littafin ƙage da littafin tarihi.

Ya kamata a fahimci abin da ya sauya. Kafin 1815, kare yana cikin waɗannan karnuka in ya yi aikinsu. Bayan 1875, yana cikinsu in sunan uwarsa da ubansa na cikin kundi, kuma siffarsa ta dace da abin da aka rubuta. Alƙalanci ya tashi daga rami ya koma takarda.

5. Siffarsa

Ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911, mai mazauni a Thuin ta ƙasar Beljik, ta sa Dandie Dinmont a rukuni na 3, na karnukan rami, da lamba 168. Nauyinsa kilo 8 zuwa 11, tsayinsa a kafaɗa santimita 20 zuwa 28. Jikinsa dogo ne a kan gajerun ƙafafu, tsawon daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya ya kusa ninka tsayin sau biyu, amma ƙa'ida ta hana ya wuce haka. Bayansa ba miƙaƙƙe ba ne kamar na sauran karnukan rami: yana saukowa a kafaɗa, ya hau a ƙugu, ya sake saukowa wajen wutsiya. Wutsiyar santimita 20 zuwa 25 ce, mai lanƙwasa kamar takobi. Kansa babba ne, idanunsa manya masu duhu, kunnuwansa a sake suke, sun kwanta a kumatu.

Gashin jikinsa gauraye ne, wajen kashi biyu cikin uku mai kauri, kashi ɗaya mai laushi, tsawonsa kamar santimita 5. Ba a aske shi da almakashi, da hannu ake tsinke wanda ya tsufa, domin aski na lalata kaurinsa. Launin pepper yana tashi daga baƙi mai shuɗi-shuɗi zuwa toka mai haske, na mustard kuma daga ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa mai haske. Ƴan kwikwiyon da duhu ake haihuwarsu, launin yana washewa da girma. A kansa akwai tulin gashi fari mai laushi kamar alharini, wanda shi ne alamar da aka fi gane shi da ita. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15.

In muka karanta wannan ƙa'ida da idon mai nazarin tsohon rubutu, za mu ga aikin da ya mutu yana kwance a cikinta. Gajerun ƙafafun gaba masu ƙarfi na haƙa ne. Dogon jiki mai lanƙwasa na bin rami mai kwana-kwana ne. Haƙora da muƙamuƙi da suka fi ƙarfin girman jikin na riƙe dage ne. Gashi mai kauri na tare ruwa da ƙaya ne. Muryarsa, wadda ke da kauri kamar ta babban kare, ita ke gaya wa mai haƙa inda zai sa shebur. Har halinsa na yin abin da ya ga dama, wanda masu shi ke kuka da shi, gadon aikin ne, domin a cikin rami babu mai ba shi umurni. Tulin gashin kai ne kaɗai ba shi da amfani a rami, kuma shi ne ya fi bunƙasa tun da aka fara gasa. A zane-zanen ƙarni na 19 bai kai yadda yake a yau ba.

6. Da aikin ya ƙare

Abubuwa uku suka raba karen da sana'arsa. Na farko doka. Tun 1835 aka hana wasan haɗa kare da dage faɗa a Ingila. Dokokin 1973 da 1992 suka ba dagen Turai kariya. Karen ruwa kuwa ya ragu ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1950 saboda magungunan ƙwari da suka gurɓata koguna, har aka hana farautarsa a Ingila a 1978. Sa'an nan dokar 2002 a Sikotilan da ta 2004 a Ingila suka taƙaita farautar yanyawa da karnuka. Dabbobin da aka ƙirƙiri karen don kashewa, yau hukuma ke tsaronsu. Na biyu guba: daga wajajen 1950 maganin ɓera na zamani ya shiga rumbuna, ya yi aikin ba tare da ya nemi abinci ba. Na uku, manoman da suka ci gaba da buƙatar karen rami sun koma ga wasu ire-ire masu ɗan tsawon ƙafa, waɗanda ba a riga an mai da su kayan gasa ba. Karen bana, in ji masu magana, shi ke maganin zomon bana.

Yaƙin duniya na biyu ma ya yi masa illa, domin ƙarancin abinci ya sa an watsa gidajen kiwo da yawa a Birtaniya. Bayan yaƙin ya rage ga ƴan tsirarun masu sha'awa. A matsayin karen gida yana da kishiyoyi masu yawa waɗanda gashinsu bai kai nasa wahalar gyara ba.

A 2003 Kennel Club ta fara lissafin ire-iren karnukan Birtaniya da ke cikin haɗarin ɓacewa, wato waɗanda ba a yi wa ƴan kwikwiyonsu 300 rajista a shekara. Dandie Dinmont na cikin jerin. Tsakanin 2015 da 2020 rajistarsa ba ta kai 150 a shekara ba, wasu shekarun ma ba ta kai 100 ba, alhali karen Labrador na wuce 30,000. Ƙarancin yawa a cikin rufaffen kundi yana da nasa haɗari: kowa ɗan uwan kowa ne, cutar gado na samun hanyar yaɗuwa. An san irin da ciwon hawan ruwan ido, wanda likitoci ke kira glaucome, da kuma ciwon ƙashin baya da ke damun karnuka masu dogon jiki. Kundin da ya tsare irin daga gauraya shi ne kuma ya rufe masa ƙofar sabon jini.

Dubi kuma makaman da masu son karen suka ɗauka don ceto shi. A 2015 Duke na Buccleuch, shugaban dangin Scott, ya ba su izinin amfani da zanen dangi mai ratsin baƙi da fari na Walter Scott. A 2017, shekara 175 da haihuwar Old Ginger, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a The Haining, aikin Alexander Stoddart. Dukansu tuni ne ga littafi da asali. Ba wanda ya ce a sayi karen don ya kama ɓera. Abin da ya rage yana ciyar da shi shi ne labarinsa.

7. Kammalawa

Mun ga yadda karnukan talakawa marasa suna suka samu suna daga ƙagaggen labari a 1815, sunan ya jawo kasuwa, kasuwa ta nemi ma'auni, ma'auni ya zama kundi a shekarun 1870. Adalci ne a faɗi ribar wannan. Karnukan rami iri-iri sun rayu a kwarurukan Birtaniya, waɗanda ba su samu suna da kundi ba sun narke cikin wasu ko sun ɓace, ba mu da ko siffarsu. Dandie Dinmont yana nan, ana iya auna shi a gwada da abin da aka rubuta shekara 150 da suka wuce. Amma a faɗi hasarar kuma: ƙa'idar ta ƙayyade tsawon wutsiya da launin gashi dalla-dalla, ba ta tanadi yadda ake horar da kwikwiyo ya shiga rami ba, ko kalmomin da makiyayi ke kiransa da su, ko yadda yake gane nagari. Wannan ilimi a baki yake, ya tafi tare da masu shi, sai ɗan abin da irin su Cook suka tsinta.

Wannan hanya ba ta tsaya a Birtaniya ba, ta iso ƙasarmu. Dogon karen farauta na makiyayan arewacin Tawa da gabashin Mali, wanda Abzinawa ke kira oska, an kai shi Turai a shekarun 1970. A farkon shekarun 1980 FCI ta karɓe shi da sunan Azawakh, sunan kwarin da ya fito, kuma Faransa ce ke riƙe da ƙa'idarsa. Siffarsa ta shiga takarda a wani harshe, a wata ƙasa. Bambancinsa da Dandie shi ne, masu aiki da shi suna raye, kalmominsu na launi da hali da horo suna bakinsu. Tarihin da muka bayar yana nuna wanne ɓangare ne ke saurin ɓacewa, kuma wannan ɓangaren aikin masu nazarin harshe ne su rubuta shi.